Sai da katin malami ake shiga fili: abin da na gani a wani shirin ƙwallon yara

Shirin da zan yi magana a kansa ƙarami ne. Fili ɗaya gare su, na ƙasa, da raga biyu na ƙarfe, sai ajujuwa biyu da wata makarantar firamare ke ba su aro da yamma bayan an tashi. Akwai babban koci da mataimaka biyu, da wasu matasa 'yan sa kai masu koyar da karatu da lissafi. Ba sa karɓar ko sisi daga hannun iyaye, kuma yaran da suke ɗauka su ne waɗanda gidajensu ba su da hali: marayu, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da waɗanda ƙafarsu ɗaya ta riga ta fita daga makaranta. Zan sakaya sunan wurin, domin akwai abubuwan da zan soka, kuma yaran da zan ba da labarinsu ƙanana ne. Irin wannan shiri ya yawaita a ƙasashe da dama, saboda haka abin da na gani zai iya yi wa duk mai niyyar kai ɗansa wani irinsa amfani.

Ni ke riƙe da ɗan wana, Allah ya jiƙansa. Yaron yana da shekara 12, kuma bara na sa shi a shirin. In za a tambaye ni a taƙaice, zan ce a kai yaro. Amma ajin yamman nan ne ya sa zan faɗi haka, ƙwallon tana biye ne a baya, kuma akwai wata doka tasu da nake ganin tana cutar da waɗanda suka fi kowa buƙatar wurin.

Ranar rajista, abin da za a fara yi maka bayani shi ne kati. Kowane yaro yana da ɗan kati mai kauri da aka ja wa layi, kowace rana da gurbinta. Malamin ajinsa na makarantar safe ne ke sa hannu cewa ya zo kuma ya zauna har aka tashi. Da yamma mataimakin koci na tsaye a bakin fili da littafin rajista, yaro ya miƙa kati, a duba, ya wuce. Wanda ya yi fashin kwana biyu a mako ba tare da uzuri ba zai yi atisaye, amma ba zai buga wasan ƙarshen mako ba. Wanda ya kwashe mako guda, ko atisayen ba zai yi ba. Zai shiga ajin yamma tare da 'yan uwansa, in sun fito fili shi kuma ya tsaya bayan raga yana tsinto musu ƙwallo.

Kafin shirin, yaron nan yakan fita da kayan makaranta da safe ya dawo da rana kamar kowa, ashe tsakanin fita da dawowa ba aji yake zuwa ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na je na ga hedimasta, duk a banza. Da ya shiga shirin ma bai daina nan take ba. Ya ɗauka tunda ya fi sauran iya yanka, ba za a iya ajiye shi ba. Sai ga wasa da wata ƙungiyar yara da suka daɗe suna jin haushinta, katinsa kuwa da gurabe biyu babu sa hannu. Koci ya karanto sunayen waɗanda za su buga, babu nasa. Ya zo inda nake tsaye idonsa ya yi ja, ya ce, "Baffa, don Allah ka yi masa magana. Ni ne fa ke buga bakwai, in ba ni ba cin mu za su yi." Na isa wurin kocin don in ji ta bakinsa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Baffansa, ka yi haƙuri. In na ɗaga masa ƙafa yau, gobe yara arba'in za su zo min kowa da baffansa." Aka buga wasan, aka ci su biyu da nema, yaron yana bayan raga yana kallo.

Wannan rashin nasara ce ta sa na amince da wurin. Ƙungiyoyin yara da yawa suna rubuta a jikin allo cewa karatu ne a gaba, amma ranar babban wasa za ka ga ɗan wasan da ya yi wata bai leƙa aji ba yana cikin fili, domin koci na son kofi. Yara kuwa ba sa sauraron abin da aka rubuta, abin da aka yi suke kallo. Kocin da ya yarda a ci shi saboda gurabe biyu a kati ya gama yi musu bayani. Tun daga makon nan ban sake bin yaron nan da maganar zuwa makaranta ba. Shi da kansa yake tsayawa bakin teburin malami in an tashi, yana jiran sa hannu.

Sai dai zama a aji daban, iya karatu daban, kuma a nan ne shirin ya burge ni ƙwarai. A makon farko wata matashiya cikin 'yan sa kai ta zaunar da shi, ni ma ina gefe. Ta ba shi takarda ɗaya mai matakai huɗu: baƙaƙe a sama, sai kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai ɗan labari a ƙasa. Baƙaƙen ya wuce su da gudu. Kalmomi masu gaɓa biyu ya yi ta haɗawa yana samu. Da aka zo sakin layi sai ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko, ya kalli harafin da ta fara da shi, ya cinki wata kalma daban ya faɗa, ya ɗago ya kalli fuskarta ko ya dace. Yaro ɗan aji biyar. Jikina ya yi sanyi. Ta lura, ta ce, "Baba, ba shi kaɗai ba ne. Fiye da rabin waɗanda muka gwada nan suke tsayawa." Maganarta ta yi daidai da abin da aka sani a duniya. A 2022 Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Yawancinsu kuwa suna da suna a rajistar makaranta. Ana ciyar da su gaba ne aji-aji saboda shekaru, malami yana bin manhaja, su kuma an baro su tun a aji biyu.

Abin da ake yi a ajin yamma shi ne a raba yara bisa inda suka tsaya a takardar nan, ba a duba shekaru ko ajin safe. Ɗan shekara 13 zai iya zama da ɗan shekara 8 a rukunin masu haɗa baƙi. Wannan dabara ba su suka ƙirƙiro ta ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi suna da ita, kuma masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, sun gwada ta a makarantu da yawa suka ga tana aiki. Matsalarta a makarantar safe ita ce kunya. Babban yaro ba ya son a gan shi cikin ƙanana yana karanta ba, bi, bu. A nan kuwa ƙwallo ta rage wannan kunyar. Yaron da kowa ya san shi ne ke zura ƙwallo ranar Asabar yana da mutuncin da zai iya jure zama a rukunin ƙasa, kuma ƙananan da ke gefensa suna ganin girmansa. Ban taɓa tunanin haka ba sai da na gani da idona. In aka ce ƙwallo na taimakon karatu, a ganina nan ne babban taimakon yake.

Karatu ake fara yi, awa ɗaya, sannan a fita fili. Wannan jerin yana da muhimmanci. Da fili ake fara zuwa, da rabinsu sun sulale kafin a shiga aji, sauran kuma su yi ta gyangyaɗi.

Suna kuma shigo da ƙwallon cikin darasi ta hanyar da ba ta gundura. Teburin gasarsu yaran ne ke lissafa shi a allo kowace Litinin: nasara maki 3, canjaras maki 1, sai bambancin ƙwallaye. Na ga malami ya tambaya, ƙungiyar da ta zura 4 aka zura mata 9 tana da nawa? Yaran da aka sha gaya wa cewa ba a ɗebe babba daga ƙarami suka amsa baki ɗaya cewa biyar ake bin ta, domin ƙungiyar wasunsu ce, suna ganin ta a ƙasan tebur. Daga nan ya rubuta musu lambar da alamar ɗebewa a gabanta, ba wanda ya yi gardama. Akwai kuma rahoton wasa. Kowane yaro zai rubuta abin da ya faru a wasan ƙarshen mako, ya tashi ya karanta, sauran su yi ta musu a kan wa ya ba da ƙwallon da aka ci da kuma ko fenaritin gaskiya ce. Rahoton yarona na farko layi uku ne a karkace, sunansa ya fito sau biyu a ciki. Yanzu yana cika shafi, har yana ba gola laifi da hujja. Gajeren labarin da ya gagare shi a takardar gwaji yana karanta irinsa yanzu, a hankali dai, amma ya daina cinka.

Na kuma ji daɗi da malaman ba su mayar da komai ƙwallo ba. Suna kawo littattafan labarai da babu ko raga a ciki, yara su yi ta gunaguni, a karanta duk da haka. Jarrabawar da ke jiran yaran nan ba a kan teburin gasa za a yi ta ba.

Atisayen kansa ba ni da dogon bayani a kai, yana da kyau. Ƙwallo mai lamba 4 suke ba 'yan ƙasa da 12, kuma biyar-biyar ko bakwai-bakwai ake bugawa a ƙaramin fili, yadda kowane yaro zai taɓa ƙwallo sau da yawa. Ana ɗumama jiki sosai kafin a fara. Ƙananan ba a sa su atisayen bugun kai, abin da hukumar ƙwallon Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, ta Ingila ma ta cire shi daga atisayen 'yan firamare a 2020. Duk yaron da katinsa ya cika sai ya buga aƙalla rabin wasa, ko da ƙafarsa ba ta iya komai ba. Ban ga duka ba, ban ji zagi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum, kuma a ranakun atisaye suna samun fiye da haka. Abin da ya rage shi ne filin yana da tsakuwa, takalman ƙwallo karɓa-karɓa ake yi, akwatin taimakon gaggawa kuma kusan fanko ne. Ranar da wani yaro ya tsage ƙauri, da ƙyalle aka ɗaure kafin a kai shi asibiti, kuma babu ko ɗaya cikin manyan da ya taɓa samun horon taimakon farko. Wannan gyara ne da ba ya buƙatar wani babban tallafi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Dokar katin da ta gyara min yaro ita ce ta kori wani. Golan rukuninsu yaro ne mai kimanin shekara 13, dogo, marar yawan magana. Mahaifiyarsa na fama da jinya, shi ne babba, saboda haka wasu ranakun da safe yakan tafi aikin ƙarfi don a samu abin kai wa baki. Katinsa ya fara nuna gurabe. Aka hana shi wasa, ya jure. Aka hana shi atisaye, ya zo ya tsaya bayan ragar da shi ne mai tsaron ta, wani yana ciki. Bayan ɗan lokaci ya daina zuwa gaba ɗaya, har ajin yamman, wanda a lokacin shi kaɗai ne karatun da yake samu. Na tambayi koci, ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Na fahimci dalilinsa, tunda dalilin ne ya yi aiki a kan nawa. Amma yarona wasa ne ke hana shi zuwa makaranta, wannan kuwa talauci ne, kuma katin ba ya iya bambance su. Shi ne ainihin yaron da aka kafa shirin dominsa, shi kuma aka fara rasawa.

Wannan muhawara tsohuwa ce. A 1984 jihar Texas ta Amurka ta kafa dokar cewa ɗalibin da ya faɗi darasi ba zai shiga wasannin makaranta ba har tsawon mako shida. Attajirin nan Ross Perot ne ya jagoranci kwamitin da ya kawo ta. A 1995 suka sassauta, suka mayar da hukuncin mako uku, suka kuma bar ɗalibi ya ci gaba da atisaye da ƙungiyarsa a lokacin. Wato ko su da suka yi suna da tsananin dokar sun ga cewa raba yaro da ƙungiya kwata-kwata yana iya tsinke igiyar ƙarshe da ke riƙe da shi.

Akwai wata hanyar kuma da ta fi kwanta min. A 1987 wani ɗan Kanada mai suna Bob Munro ya kafa ƙungiyar wasannin matasa ta MYSA tare da matasan Mathare, unguwar marasa galihu a birnin Nairobi na Kenya. A gasarsu ƙungiya na samun maki a tebur in ta fita aikin share unguwa da kwashe shara, kamar yadda take samu in ta ci wasa. Matasan da suka yi fice wajen hidima kuma ana ba su tallafin da ake biya musu kuɗin makaranta da shi. Ba su zama abin wasa a fili ba saboda wannan, domin ƙungiyarsu ta manya, Mathare United, ta lashe gasar ƙasar Kenya a 2008. Abin lura shi ne sun mayar da halin kirki abin da ke ƙara wa ƙungiya maki. Da shirinmu zai ba ƙungiya ƙarin maki in duk 'yan wasanta sun cika kati a mako, da yaran da kansu za su riƙa bi ta gidan abokinsu da safe su taso shi. Kuma kafin a hana yaro atisaye, ya kamata wani babba ya taka ya je gidansu ya ga me ke faruwa. In aiki ne ke hana shi, a lissafa masa ajin yamma a matsayin halarta har a samo mafita. Tsananin dokar ya tsaya a kan mai fashi da gangan.

Katin yana da wata ƙaramar ɓaraka. Wasu yaran sun koyi kwaikwayon sa hannun malami, wasu malaman kuma don gudun wahala sukan sa hannun mako guda a zama ɗaya. Mataimakin koci yakan faɗa makarantun ba zato ya gwada kati da rajistar aji, kuma hakan ya rage abin.

'Yan sa kai ma ba sa daɗewa. Matashiyar da ta gwada yarona ta samu aiki ta tafi, kuma ba wanda zai ga laifinta. Wanda ya gaje ta sai da ya ɗauki makonni kafin ya san wa ke ina, domin ba a ajiye takardun gwajin yara a wuri ɗaya ba. Masu ba da gudummawa kuwa riguna da ƙwallaye suke kawowa, a yi hoto, su tafi. Riguna sun yi yawa har ana ajiyewa, amma ba wanda ya ɗauki nauyin ɗan alawus ɗin mai koyar da karatu, alhali shi ne ƙashin bayan abin. Duk mai son taimaka wa irin wannan wuri, da a ce zai ji shawarata, malamin zai biya.

Ɓangaren 'yan mata yana da rauni. Ƙungiya ɗaya ce, kuma da sun kai shekara 12 ko 13 sai su fara raguwa. Babu mace cikin masu horarwa, babu wurin sauya kaya, kuma ana tashi dab da duhu. Iyaye da yawa ba ƙwallon suke ƙi ba, waɗannan abubuwan suke dubawa. MYSA ta fara ƙwallon 'yan mata tun 1992, don haka ba abin da ba a taɓa yi ba ne. Haka batun kare yara. A aikace suna da ƙa'idar cewa babba ba ya keɓewa da yaro, kuma na ga ana kiyaye ta. Amma ba a rubuce take ba, ba a bincikar tarihin ɗan sa kai kafin a ɗauke shi, kuma yaro bai san wurin wa zai kai ƙara ba in wanda ya cuce shi shi ne mai zaɓen 'yan wasa. Na yarda da mutanen da ke wurin yanzu, amma amana kaɗai ba ta isa tsari ba. A Ingila, inda ake da kuɗi da dokoki, sai a 2016 tsofaffin 'yan wasa suka fara fitowa suna bayyana cin zarafin da wasu masu horarwa suka yi musu suna yara, kuma rahoton binciken da aka fitar a 2021 ya nuna hukumar ƙwallon ƙasar ta yi jinkirin ɗaukar mataki. FIFA ta fitar da jagorar kare yara mai suna FIFA Guardians a 2019, kyauta ce, kowane ƙaramin shiri zai iya ɗauka ya daidaita da halinsa.

Sai maganar Turai, wadda ba yaron da ke filin nan da ba ta cikin kansa. Wata rana wani mutum ya riƙa zuwa bakin fili yana ɗaukar yara bidiyo da waya. Daga baya ya bi wasu iyaye har gida, ya ce yana da hanyar gwaji a wata ƙungiya a ƙasar waje, a kawo kuɗin fasfo da biza. Ni ma ya same ni, har ya ba ni shawarar a yi wa yaron sabuwar takardar haihuwa a rage masa shekara biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gidan da babu ko na gobe shi ne ya fi saurin sauraron irin wannan. Koci ya tara mu iyaye ya yi mana bayani dalla-dalla. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan musayar 'yan wasa ya hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar in iyayensa sun ƙaura can don wani dalilin da ba ƙwallo ba. Manyan ƙungiyoyi ma an hukunta su a kan wannan, Barcelona a 2014, Chelsea a 2019. Rage shekaru kuwa, tun 2009 FIFA ke tantance shekarun 'yan wasa ta hanyar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma takardar bogi tana iya ɓata wa yaro takardun makarantarsa har abada. Ya rufe da cewa, "Iyayena, a cikin yaran nan duka, in mutum ɗaya ya rayu da ƙwallo to mun yi sa'a. Sauran fa? Su nake yi wa aiki." Wasu iyayen ba su ji daɗin maganar ba. Ni kuwa ita ce maganar da nake son ji daga bakin duk wanda na ba amanar yaro.

Yara sukan kawo misalin Mohammed Kudus da Idrissa Gana Gueye, kuma gaskiya ne daga makarantun ƙwallo masu haɗawa da karatu suka fito. Kudus ya taso ne a Right to Dream, wadda Tom Vernon ya kafa a Ghana a 1999, daga nan ya tafi Nordsjælland ta Denmark, sai Ajax. Gueye kuwa ɗan Diambars ne ta Senegal, wadda Patrick Vieira da Bernard Lama da abokansu suka buɗe a 2003. Amma waɗannan makarantun kwana ne da ke tace yara masu ɗimbin yawa su ɗauki 'yan kaɗan masu baiwa ta musamman. Shirin da nake magana a kai ba ya tacewa, duk wanda ya zo da kati ɗan wasa ne. Kada uba ya kai ɗansa irin wannan wuri yana zaton ya kai shi Diambars. Abin koyi daga Right to Dream shi ne ta buɗe ƙofa ta biyu: ɗalibanta da dama sun samu gurbin karatu kyauta a makarantu da jami'o'in Amurka, ba lallai sai sun zama ƙwararrun 'yan wasa ba.

Ƙofa ta biyun nan ce shirinmu ba shi da ita tukuna. Iyakar shekarunsa 15. A daidai lokacin da karatu ke ƙara tsada, jarrabawar fita ke matsowa, gida kuma ke ganin yaro ya isa ya nemo, a lokacin ne ake ce masa ya girme wa wurin. Biyu daga cikin waɗanda suka fita suna dawowa su busa usur a wasan ƙanana, sauran kuwa ba wanda ke bibiyar inda suka shiga. Da na tambaya nawa ne cikin waɗanda suka gama suke makaranta har yanzu, ba a iya ba ni amsa ba, kuma wannan ita ce tambayar da zan so kowane uba ya yi kafin ya rubuta sunan ɗansa a ko'ina. Ya kuma tambaya ko an taɓa ajiye gwanin ƙungiya saboda makaranta, ya nemi ya zauna a ajin karatun ya ga ko koyarwa ake yi ko kwafe aikin gida kawai.

Yaron da ke makaranta amma yana zillewa, ko yana zuwa amma ba ya fahimtar komai, wannan wuri zai yi masa amfani sosai, na shaida. Yaron da ba ya makaranta sam sai an fara sa shi, domin ba sa ɗaukar marar kati. Suna rubuta wa hedimasta takardar roƙo, amma kayan makaranta da littattafai suna wuyan iyaye, kuma UNESCO ta ce a 2023 yara da matasan da ba sa makaranta sun kai miliyan 250 a duniya. Mun sa batun golan nan da ire-irensa cikin abin da za a tattauna a taron iyaye na zango mai zuwa. Koci bai yarda cewa dokar na da laifi ba tukuna, amma ya amince zai zo da rajistar bara, mu ƙirga yara nawa suka daina zuwa bayan an hana su atisaye, mu kuma raba sunayen a tsakaninmu kowa ya je gida biyu ko uku ya ji dalili.